An ga zanen yatsan ƙanena a gidan da aka yi sata, shin magana ta ƙare ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena mai gyaran wutar lantarki ne. Kwanakin baya ya yi aiki a wani gida, ya canja wayoyi a falo da ɗakin maigidan. Bayan kamar mako uku ɓarayi suka shiga gidan cikin dare ta taga, suka fasa durowa suka kwashe kuɗi da gwala-gwalai. 'Yan sanda sun zo da hoda da buroshi sun shafe wurare, yanzu sun ce sun sami zanen yatsansa, sun tsare shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce mana kimiyya ba ta ƙarya, gara ya amsa laifi a sassauta masa. Shi kuwa rantsuwa yake yi bai aikata ba. Mahaifiyarmu ko barci ba ta iya yi. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya warware muku. Ki fara isar masa da wannan saƙo yau ɗin nan: kada ya amsa laifin da bai yi ba, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai karanta ba ko wadda lauyansa bai gani ba. Alƙawarin sassauci daga bakin mai bincike ba ya ɗaure alƙali. Amma kalmar "na yi" idan ta hau takarda, cire ta sai an sha wuya, kuma ita ce za ta cike wa masu gabatar da ƙara giɓin da zanen yatsa ya bar musu.

Giɓin kuwa babba ne. Iyakar abin da zanen yatsa yake faɗa shi ne wannan yatsa ya taɓa wannan wuri. Yaushe ya taɓa, da wace niyya, wa ya ba shi izinin shiga, duk wannan ba ya cikin zanen. Har yanzu babu wata hanya da masana suka amince da ita ta auna shekarun zanen yatsa, a ce na jiya ne ko na watan jiya. Ƙanenki ya shiga gidan da rana tsaka da izinin mai shi, ya yi aiki da hannunsa. Da a ce ba a ga zanensa ko ɗaya a can ba, shi ne abin mamaki. Saboda haka shari'ar nan tana rataye ne a kan inda aka ga zanen, da kayan da aka fito da shi, da hannuwan da ya bi kafin ya iso kotu.

Bari in yi miki bayanin kayan aikin, don a nan ne lauya yake samun tambayoyinsa. Yatsa kamar hatimi ne, gumi da maiƙon jiki su ne tawadarsa. Yawancin gumin ruwa ne, yana bushewa, sai ya bar gishiri da maiƙo da wasu sinadarai a jere bisa layukan fata, ido ba ya ganinsu. Abin da ƙwararre ya kamata ya fara ɗagawa fitila ce, ya haska wurin ta gefe, ko ya yi amfani da haske mai launi na musamman da tabarau, don haske ba ya ɓata komai. Daga nan sai hodar da kuka gani: baƙa, ko ta garin alminiyam, ko mai ɓurɓushin ƙarfe wadda ake shafawa da sandar maganaɗisu. Hodar tana liƙewa ne a maiƙon da yatsa ya bari, kuma ta fi aiki a wuri mai santsi wanda ba ya shan ruwa, irin gilashi da ƙarfe da katako mai fenti. Idan zanen ya bayyana, sai a ɗauki hotonsa a inda yake tare da ɗan ma'auni a gefensa, sannan a manna salatef a ɗago shi a liƙa a kan kati.

Ki lura da wannan mataki na ƙarshe, domin a ganina nan ne aka fi sakaci. Da zarar an ɗago zane an liƙa shi a kati, ya rabu da wurin da aka same shi har abada. Abin da ya rage yana haɗa su biyu ne kawai: hoton da aka ɗauka kafin a ɗago, da rubutun da jami'in ya yi a bayan katin, wato rana, lokaci, wuri, sunansa. Idan babu hoto, kuma katin ya ce "taga" kawai, to wace taga? Ta ciki ko ta waje? Kusa da makunnin wuta, inda mai gyara zai dafa don ya miƙe, ko a bakin gilashin da aka zare aka jingine a waje? Tsakanin waɗannan amsoshi akwai 'yanci da kurkuku.

Abin da za a iya ɗauka, kamar leda ko akwatin roba ko ƙarfen da aka ɓalle durowa da shi, akan kai shi ɗakin gwaje-gwaje a sa a akwati mai laima, a ɗumama gam mai ƙarfin nan da ake kira sufa gulu. Tururinsa yana hawa layukan zanen ya daskare fari, a bi shi da rini mai ƙyalli a ɗauki hoto. A nan zanen yana nan manne da abin, sai dai wata tambaya ta taso: ina abin yake a lokacin da aka taɓa shi? Abin da ake yawo da shi yana iya ɗauko zanen mutum daga wani wuri ya kawo shi inda mutumin bai taɓa takawa ba.

Takarda kuma tata hanyar daban ce, don tana tsotse gumi. Sinadarin da aka fi sani shi ne ninhaidirin, wanda masu bincike a Suwidin suka fara amfani da shi a wannan aiki a 1954. Yana haɗuwa da sinadaran gumi ya fito da zanen da launin shunayya, kuma yana iya fito da zanen da ya shekara da shekaru a jikin takarda. Akwai tururin aidin wanda zanensa ke dusashewa da sauri, akwai wani ruwa mai azurfa na takardar da ta jiƙe, akwai rini na musamman na zanen da aka yi da jini. Ki tambayi ƙanenki ko ya rubuta wa maigidan lissafin kaya ko rasit. Idan ya rubuta, kuma maigidan ya ajiye a durowar da aka fasa, ga hanyar da zanensa zai shiga durowa ba tare da ya taɓa buɗe ta ba.

Wani lokaci jami'i yakan ce a kotu zanen sabo ne saboda hoda ta kama shi sosai. Lauya nagari ba zai bari wannan ya wuce ba. Yadda hoda take kamawa ya danganta da yawan maiƙon hannu, da irin wurin, da zafi, da ƙura, da ko an goge. A gilashin da ke cikin ɗaki wanda ba a gogewa, zane yana iya yin watanni.

Saura batun cewa zanen nasa ne. Ba zan ba ki begen banza ba: idan zane ya fito sarai, ƙwararru ba kasafai suke kuskure ba, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya zanensu ya bambanta. Sai dai abin da ake samu a wurin laifi sau da yawa guntu ne, ya murɗe ko ya hau kan wani. Kwamfuta ma ba ta yanke hukunci, jerin waɗanda suka yi kama take fitarwa daga rumbun zanen yatsu da aka adana, mutum ne yake duba inda layi ya tsaya da inda ya rabu biyu, ya ce ya dace, ko bai dace ba, ko ba za a iya cewa komai ba. Ingila ta daɗe tana neman a sami wurare 16 da suka dace, ta bar wannan ƙa'ida a 2001 ta koma ga hukuncin ƙwararre.

Mutum kuwa yana kuskure. Bayan harin bama-bamai a jiragen ƙasa na birnin Madrid a watan Maris na 2004, ƙwararrun hukumar FBI ta Amurka sun ce zanen da aka samu a wata leda na wani lauya ne Ba'amurke, Brandon Mayfield. Har ƙwararren da kotu ta nemo daga waje ya yarda da su. An tsare shi kimanin mako biyu kafin 'yan sandan Sifen su nuna zanen na wani ɗan Aljeriya ne. FBI ta nemi afuwa, a 2006 gwamnati ta biya shi dala miliyan 2. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa bayan ƙwararrun sun ga zanensa, sai suka riƙa "ganin" alamominsa a guntun zanen. A Sikotilan kuma, an ce an ga zanen wata jami'ar 'yan sanda, Shirley McKie, a gidan da aka yi kisa a 1997. Ta ce ba ta shiga ba, aka gurfanar da ita da laifin shaidar zur, kotu ta wanke ta a 1999, kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2011 ya ce a ɗauki shaidar zanen yatsa a matsayin ra'ayin ƙwararre, ba gaskiyar da ba ta karɓar musu ba. Wannan ita ce amsar wanda ya ce muku kimiyya ba ta ƙarya. Shi ya sa lauyanku zai tambaya: ƙwararren ya san wanda ake zargi kafin ya kwatanta? Wani ƙwararre na biyu ya duba ba tare da ya san amsar na farko ba?

Ta fuskar doka, tanadin kowace ƙasa daban ne a kan kwanakin tsarewa da sharuɗɗan beli, amma akwai ginshiƙan da ƙasashe sama da 170 suka amince da su a Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Ɗan Adam da Siyasa ta 1966. Sashe na 14 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, ba a tilasta masa ya amsa laifi, yana da haƙƙin lauya, a ba shi kyauta idan ba shi da hali kuma adalci ya buƙaci haka, yana da haƙƙin yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi. Sashe na 9 ya ce a kai shi gaban alƙali ba tare da jinkiri ba, kuma tsarewa kafin shari'a kada ta zama ita ce al'ada. Nauyin tabbatar da laifi yana wuyan masu gabatar da ƙara. Zanen yatsa shaida ce ta alama, kuma kotuna da yawa ba sa ɗaure mutum da alama kaɗai sai idan babu wani bayani mai ma'ana da ya rage ban da laifi. Ku kuwa kuna da bayani.

Ga yadda nake ganin a tafiyar da abin. A samu lauya yanzu, kafin a ƙara ɗaukar wani bayani daga bakinsa. Ƙanenki ya gaya masa komai, ɗaki bayan ɗaki: inda ya dafa, tagar da ya buɗe don iska, durowar da aka ce ya matsar don ya kai ga soket. Kada tsoro ya sa ya musanta cewa ya shiga gidan, ƙarya ɗaya irin wannan ta fi zanen yatsa goma illa. Kuma bayanin aikin ya fito da wuri ta hannun lauya, don bayanin da ya jira ranar shari'a yakan yi kama da ƙirƙira, a wasu ƙasashe kamar Ingila doka ta ma ba kotu damar lura da wannan jinkiri. Idan 'yan sanda suka nemi ɗaukar zanen yatsunsa kada ya yi gardama, dokokin ƙasashe da yawa sun ba su wannan iko a kan wanda aka kama.

Ke kuma aikinki tattara hujja ne: saƙonnin waya tsakaninsa da maigidan, shaidar biyan kuɗin aiki, rasit ɗin wayoyin da ya sayo, yaron aikinsa ko duk wanda ya gan shi a can, da waɗanda suka san inda ya kwana a daren satar. Idan akwai kyamarar tsaro a kusa, lauya ya rubuta takardar neman hotunan nan take, don yawancinsu suna goge tsohon ɗauka da kansu. Kada ku je wurin maigidan ko wani shaida da roƙo ko barazana, wannan yana iya hana beli ya kuma zama wani laifin.

Da waɗannan a hannu, lauya zai nemi beli, ya kuma rubuta wa masu gabatar da ƙara yana neman su sake duba tuhumar. Zai nemi rahoton ƙwararre, hotunan wurin, katunan da aka ɗago, da takardar da ke nuna hannuwan da suka riƙe su. Zai tambayi zane nawa aka samu gaba ɗaya, ko an ɗauki na mutanen gidan da sauran ma'aikata don a ware su, da kuma ko akwai zanen da ba a gano mai shi ba, musamman a tagar da aka shiga. Sai ya ga rahoton zai zaɓi hanya. Idan zanen guntu ne marar kyau, ya nemi kotu ta bari ƙwararre mai zaman kansa ya duba. Idan ya fito sarai kuma a wurin da aikin wuta ya kai hannunsa, ni da ni ne ba zan ɓata ƙarfi wajen musun nasa ne ba, zan amince da shi in tsaya a kan batun lokacin da ya taɓa wurin. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila, bayan masu ƙara sun rufe shaidunsu, lauya yana iya roƙon kotu ta sallami wanda ake tuhuma saboda shaidun da aka kawo ba su kai a ce ya kare kansa ba.

Akwai inda abin zai yi nauyi, kuma gara ki sani tun yanzu. Idan zanen yana cikin akwatin gwala-gwalan, ko a fuska biyu na gilashin da aka zare, ko an yi shi da jini, ko an sami wani abu daga kayan satar a wurinsa, to bayanin aikin wuta ba zai wadatar ba, kuma lauya zai zauna da shi su kaɗai su yi magana ta gaskiya kan abin da ya fi masa. Saboda haka abu na farko da lauyanku zai nema a rubuce shi ne ainihin wurin da aka ɗago zanen, tare da hoton da aka ɗauka kafin a manna salatef.