Wace takarda ta dace da littafin wasannin yara mai kala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Fantami, cikin garin Gombe. Na tsara littafin wasannin yara da wayata a manhajar Canva, shafi 48: akwai cike gurbi, neman hanya, gano bambancin hotuna biyu, sai allon dara a tsakiya. Kwafi 200 nake son bugawa da kuɗina. A maɗaba'a an tambaye ni gilosi nake so ko mat ko bon, kuma giram nawa, na rasa ta cewa. Sannan gwajin da aka fitar mini kalarsa ta dushe, ba kamar yadda nake gani a waya ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa wa aikin albarka. Kafin ki duba wadda ta fi kyau a ido, ki fara duba abin da yaro zai yi da shafin. Littafinki na rubutu ne, fensir zai hau kansa, magogi ma zai hau.

Gilosi da mat duk an shafe fuskarsu da wani sinadari mai santsi, shi ya sa tawada ke zama a sama, hoto ya fito raɗau. Amma fensir zamewa yake a kan gilosi, biro kuma ya dame a hannun yaro. Mat ta ɗan fi karɓar fensir, sai dai idan an goge, wurin yakan bar tabo. Bon ba a shafa mata komai ba, dangin takardar fotokwafi ce, kuma ita nake ba ki shawara ki ɗauka don shafukan ciki, ko da mai maɗaba'a ya yi ta yaba miki gilosi.

Giram ɗin da ya tambaya nauyin takarda ne mai faɗin murabba'in mita ɗaya. Ta fotokwafi 70 ce ko 80. Wannan ta yi wa aikin kala sirara, domin zanen bayan shafi zai riƙa leƙowa, yaro yana neman hanya yana ganin layukan wani wasan. Ki nemi giram 100, in akwai 120 kuma aljihu ya ɗauka, ya fi. Ki ɗora samfurin takardar a kan shafi mai baƙin rubutu manya. In kina iya karanta na ƙasa, ki ce a kawo wata.

Bango ya zama kati giram 250 ko 300, a lulluɓe shi da leda saboda hannun yara. Ɗinki kuma a yi na wayar ƙarfe (sitefula) a tsakiya, kada a yi na gam, don littafin ya buɗe ya kwanta a kan benci. Shafi 48 ya dace da wannan ɗinkin, tunda dole adadin ya rabu da 4, domin kowane falle shafi huɗu yake bayarwa in an ninke, wato falle 12 ke nan. Fallen tsakiya guda ne ba yanka, saboda haka allon dararki zai fito a haɗe. Shi kaɗai za ki iya cewa a buga a kati, yara su jera tsakuwa ko ƙwallon dabino a kai. A tsaga masa layi da inji kafin a ninke, in ba haka ba tawadar za ta fashe a wurin ninkin, musamman da hunturu.

Dushewar kala kuwa ba laifin inji ba ne. Fuskar waya da haske take haɗa kala daga ja, kore da shuɗi, tsarin RGB. Inji kuma tawada huɗu yake haɗawa, tsarin CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Bon ma tana shan tawada. Saboda haka ki rage cika shafi da kala mai duhu, ki bar fari a inda yaro zai yi rubutu. Wajen saukewa a Canva ki zaɓi PDF Print, ki kunna alamun yanka da rarar gefe, wajen milimita 3, don kada farin layi ya fito a baki bayan an yanke. In ta WhatsApp za ki tura, ki tura shi a matsayin fayil, domin hoto matse shi ake yi. Ki kuma bi shafi-shafi ki duba ƙ, ɗ da ɓ, don salon haruffa da yawa ba su da su.

Kwafi 200 aikin injin dijital ne. Babban inji sai an yi masa filet, wato farantin bugu, na kowace kala, kuɗinsa ba ya sauƙi sai bugu ya yi yawa. Kafin ki biya cikon kuɗi, ki sa a haɗa miki kwafi ɗaya cikakke da ainihin takardar da za a yi aikin, ki duba shi a hasken rana, ki ba ɗalibinki ya yi wasa biyu da fensir ya goge. In ya yi miki, ki sa hannu a kansa, da shi za ki gwada sauran ranar karɓa.