Ɗana ya rasu, na kasa daina zargin kaina

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da rasuwar ɗana mai shekara biyu bayan zazzaɓi. Kullum ina zargin kaina da jinkirin kai shi asibiti, idan na yi kuka kuma a ce ba ni da tawakkali. Maigidana ya koma kasuwa tun bayan sadakar uku, ko sunan yaron ba ya ambata. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙurin rashi. Malama, kukanki bai saɓa wa tawakkali ba, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Masu hana uwa kuka, ko da kyakkyawar niyya suke yi, nauyi suke ƙara mata.

Zargin kai shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Kina yi wa kanki hukunci da abin da kika sani yau, alhali a daren da jikinsa ya yi zafi, zazzaɓi kawai kika gani, irin wanda yara ke yi su warke. Da maƙwabciyarki ce ta zo miki da wannan labari, ba za ki ce mata ita ta jawo ba. Za ki zaunar da ita, ki ba ta ruwa, ki lallashe ta. Ke ma kin cancanci wannan tausasawa, ko da ta cin loma kaɗan ce da samun barci.

Shi kuwa maigida, kada ki ɗauki shirunsa a matsayin rashin damuwa. An rene maza da yawa a kan cewa namiji ba ya kuka, sai su ɓoye ciwon cikin aiki. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki ambaci wani abu da yaron yakan yi, ba tare da kin tilasta masa magana ba.

Tun 2022 jadawalin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙunshi jimamin da ya zarce wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Idan naki ya kai haka, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki sanar da wani na kusa, ku je asibiti a ranar.