Mujiya a jikin iyaka: za mu iya sayar da katakon filinmu a Oregon?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a jihar Oregon ta Amurka. Surukina ya rasu ya bar wa maiɗakina fili eka 60 a yammacin jihar, cike da tsofaffin bishiyoyin Douglas. Wani ɗan kwangilar katako ya yi mana tayi mai tsoka, sai maƙwabcinmu ya ce an taɓa ganin sheƙar mujiya mai ɗigo-ɗigo a dajin gwamnati da ke jikin iyakarmu. Ɗan kwangilar ya ce dokar mujiya dajin gwamnati kaɗai ta shafa, mu sa hannu kawai. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan surukinka. Ka ce wa Hajiya ta ajiye biron tukuna, tunda filin nata ne kuma sunanta za a fara nema idan abu ya ɓaci.

Ɗan kwangilar rabin gaskiya ya faɗa muku. Shirin kula da dazuzzukan arewa maso yamma na 1994 filayen tarayya ya shafa, haka ne. Amma dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1973 tana da sashe na 9, wanda bai damu da ko filin waye ba. Ya hana kowa kashe dabbar da ke cikin jerin halittun da dokar ke karewa, ko kama ta, ko cutar da ita, kuma wannan mujiya ta shiga jerin a 1990. A gida tsuntsun da ake jifa ne, a nan kuwa tana da lauyoyin da suka fi naka yawa.

Rigimar duk tana kan kalmar cutarwa. A 1995, a shari'ar Babbitt da Sweet Home, wadda masu harkar katako na Oregon ɗin nan suna cikin waɗanda suka shigar, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 6 da 3 ta amince cewa lalata mazaunin dabba cutarwa ce idan ya kai ga kashe ta ko raunata ta a zahiri. Ke nan ba sai injinka ya taɓa bishiyar sheƙar ba. Idan dajinku ne inda take farauta ta ciyar da 'ya'yanta, sare shi na iya zama laifi. A watan Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta gabatar da ƙudurin soke wannan fassarar, kuma za ka ji 'yan katako suna kafa hujja da shi. Ni ba zan ɗora gadon matata a kan abin da ke sauyawa da sauyin gwamnati ba, balle dokar ta ba ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane damar maka mai fili a kotu da kansu bayan sanarwar kwana 60.

Sannan akwai dokar jiha. Dole a sanar da Ma'aikatar Gandun Daji ta Oregon aƙalla kwana 15 kafin fara sara. Ƙa'idojinta suna buƙatar a bar eka 70 na daji mai kyau kewaye da sheƙa, kuma daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba ba a aikin da zai firgita tsuntsun a cikin rubu'in mil daga wurin. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauka sun bi dokar jiha sun tsira. Cika sharaɗin jiha ba ya wanke ka a gaban tarayya.

To mene ne abin yi? Ku fara da jami'in gandun daji na yankinku, ku tambaye shi ko akwai sheƙa a rajista da kuma nisanta daga iyakarku. Tambayar kyauta ce. Idan tana kusa, ku ɗauki masanin tsuntsaye ya yi bincike bisa tsarin 2012 na Hukumar Kifi da Namun Daji ta tarayya: shekara biyu, ziyara shida a kowace shekara, yana shiga daji da dare yana kunna kukan mujiya yana sauraron amsa. An tsawaita shi ne saboda wata mujiya mai ratsi-ratsi da ta zo daga gabas ta mamaye dajin, har mai ɗigon takan yi gum don tsoronta. Kada wani ya ba ka shawarar harbin baƙuwar, ita ma doka na kare ta.

Idan ba a samu komai ba, hanya ta buɗe. Idan an samu, ba shi ke nan an rufe filin ba. Kuna iya sassabe ƙananan bishiyoyi nesa da sheƙar bayan Satumba, ku bar manyan. Kuna iya neman lasisi a ƙarƙashin sashe na 10 na dokar 1973 ɗin nan, wanda ke yafe cutarwar da ba da gangan ba idan kun gabatar da tsarin kare mazauni, sai dai yana cin kuɗi da lokaci, ya fi dacewa da manyan kamfanoni. Ga mai eka 60, na fi son yarjejeniyar sa-kai da Hukumar Kifi da Namun Daji: ku kyautata dajin na wasu shekaru, ita kuma ta ba ku tabbaci a rubuce cewa idan mujiya ta ƙaru ba za a ƙara muku takunkumi ba.

Game da takardar ɗan kwangilar, kai ta wurin lauyan da ke da lasisin Oregon. A rubuta cewa ba za a kayar da bishiya ko ɗaya ba sai an kammala bincike, a shafa wa bishiyoyin iyaka fenti a gabanku, kuma idan ya ƙetare layin, tara da kuɗin shari'a a wuyansa suke.