Tsakanin zaki da kura wa ke tsoron wani, kuma yaya suke farauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Na kalli wani bidiyo inda kuraye suka taru suka kori zakuna mata guda biyu daga kan naman da suka kashe, zakunan suka tashi suka bar musu ba tare da wani faɗan kirki ba, abin ya ɗaure min kai don ni tun ina yaro abin da na sani shi ne zaki sarkin dawa ne, kura kuma matsoraciya ce mai cin mushe. Shin dama haka abin yake? Kuma don Allah a ɗan yi mana bayanin yadda waɗannan dabbobin ke farauta da yadda suke faɗa da junansu. Na gode.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na ji daɗin tambayar nan sosai. Abin da ka gani ɗin nan ba sabon abu ba ne a dawa, kullum yana faruwa, kuma kafin in shiga bayani akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe don shi ne zai warware maka komai: dabbar da ke rayuwa da farauta ba ta da mai jinya. In barewa ta ji ciwo a ƙafa za ta iya ɗingisawa ta ci ciyawa tunda ciyawa ba ta gudu, amma damisa ko rabbi (wato cita) in ya karye to shi kenan, yunwa ce za ta ƙarasa shi. Zakin da jakin dawa ya harbe shi ya fasa mishi muƙamuƙi haka zai zauna yana kallon nama ba halin ci har ya rame ya mutu. Shi ya sa duk motsin da mafarauci zai yi sai ya auna, naman nan ya kai in ji ciwo a kanshi ko bai kai ba? Zakunan da ka gani lissafin da suka yi kenan suka tashi.

Bari in fara wanke kura tukuna don an daɗe ana zaluntarta a baki. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Hans Kruuk ya yi shekaru yana bin kuraye masu ɗigo-ɗigo a Serengeti da kwarin Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya a shekarun 1960, littafinshi ya fito a 1972, kuma abin da ya gano ya juya tunanin mutane gaba ɗaya. Ashe mafi yawan abin da kurayen ke ci su ne suke kashe abinsu da dare, kuma a Ngorongoro ɗin ma zakuna ne suka fi ƙwace wa kuraye nama ba kuraye ke ƙwace wa zakuna ba. Mutane kan iso da safe su tarar da zaki a kan nama kuraye na gefe suna zagaye sai a ce ga masu jiran saura, alhali su ne masu naman. Kura ba ta sanɗa, kora take yi, za ta saka dabba a gaba da gudu mai kai kusan kilomita 60 a awa ta bi ta tsawon kilomitoci har dabbar ta gaji ta tsaya. Haƙoranta na murƙushe ƙashi, cikinta na narkar da shi, shi ya sa kashinta in ya bushe za ka gan shi fari kamar alli. Mace ce ke mulki a cikinsu kuma ta fi namiji girma, dangi ɗaya kan iya kai kuraye 80.

To a wajen ƙwacen nama yawa ne ke magana. Kura ɗaya ko biyu ba za su tunkari zakanya ba, sai dai su tsaya nesa suna wannan kukan mai tashi sama da ake ji daga nesa, kiran 'yan'uwa ne, can sai ka ga suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, sun ɗaga jela, sun haɗa kafaɗa suna matsowa suna ja da baya, wata ta zagaya ta ciji zakanyar a gindin jela, in ta juyo wata ta cije ta ta ɗaya gefen. Sai sun ninka zakunan kamar sau huɗu kafin abin ya yiwu. Amma fa wannan duk in babu namijin zaki a wurin ne. Da zarar mai geza ya iso labari ya canza, don shi yakan kai kilo 190 ita kuma kura tana wajen 60, mari ɗaya da cizo ɗaya a ƙashin baya ya gama da ita, kuma abin mamaki sau da yawa ba ya ma cin namanta, kashewa kawai yake ya bar ta a nan, ya rage abokin gasa.

Yanzu ga farautar ita kanta. In ka tattara, hanya uku ce, akwai masu kwanton ɓauna, akwai masu sanɗa sannan su yi tsalle, akwai masu kora har a gaji, kuma ginin jikin dabba ne ke zaɓa mata. Zaki zuciyarshi ƙarama ce in ka kwatanta da girman jikinshi, ba ya iya dogon gudu, dole sai ya matso kusa. Ka lura da zakanya lokacin da take sanɗa, cikinta kusan yana jan ƙasa, kai a miƙe daidai da baya, kafaɗun nan suna hawa suna sauka ɗaya bayan ɗaya, idonta ba ya barin dabbar, da jakin dawa ya ɗago kai sai ta daskare ko da ƙafa ɗaya na sama ne, haka za ta tsaya har ya mai da kai ƙasa sannan ta ƙara taku biyu uku. Tana iya shafe rabin awa a kan tazarar da kai za ka taka cikin minti ɗaya. In ta kai kamar mita 30 ko ƙasa da haka sai ta fashe da gudu, ta ɗafe dabbar ta baya ta kayar, ta kama maƙogwaro ko ta haɗa hanci da baki ta rufe har numfashi ya ɗauke. Wani mai bincike Philip Stander ya lura a dajin Etosha na Namibiya cewa zakuna mata har rabon aiki suke yi, wasu su zagaya ta gefe su koro, wasu su kwanta a tsakiya suna jira, kuma kowacce takan koma gurbin da ta saba. Sun fi samun sa'a a daren da babu farin wata.

Duk da wannan dabarar, mafi yawan fitarsu a banza take ƙarewa, ko sun haɗu a ƙungiya da wuya su kama sau ɗaya cikin uku. Bidiyo ne ke ruɗar mu saboda wanda aka kama kaɗai ake nuna mana. Kuma abin farautar ba a kwance yake yana jira ba, ɓauna na soke zaki ta ɗaga shi sama da ƙaho, garken ma kan dawo ya ƙwaci ɗan'uwanshi, raƙumin dawa na iya kashe zaki da harbi ɗaya, ko beguwa ƙarama in ƙayarta ta shige tafin ƙafa ko baki ta ruɓe a ciki tana nakasa shi. Masu cewa namijin zaki malalaci ne mata ke ciyar da shi su ma ba su faɗi duka ba, a fili dai gezarshi da nauyinshi na tona shi, amma a daji mai duhu yana kwanton ɓaunarshi ya kama, kuma in babbar dabba ce kamar ɓauna sau da yawa nauyinshi ne ke kayar da ita.

Wanda ni dai ya fi ba ni tausayi shi ne rabbi, wanda wasu ke kira cita, siriri ɗin nan mai baƙin layi daga ido zuwa baki kamar zubar hawaye. Babu dabbar da ta kai shi gudu a doron ƙasa. A wani bincike da Alan Wilson da abokan aikinshi suka fitar a 2013, sun ɗaura wa wasu na'ura a wuya a Botsuwana, gudu mafi sauri da suka auna ya kai kilomita 93 a awa, amma abin da ya fi jan hankali shi ne yawancin farautar ba a ƙarshen gudunshi yake yi ba, abin da ke ba shi nasara shi ne saurin tashi da saurin taka birki da iya kwana, don barewa ba ta gudu a miƙe, zille-zille take. Faratanshi ba sa komawa ciki duka kamar na kyanwa saboda su riƙe ƙasa, jelar kuma ita ke daidaita shi a kwana. Duka gudun bai cika kai minti ɗaya ba. To bayan ya kama sai ya kwanta yana haki kafin ya iya ci, yana ci yana waige-waige, a nan ne kura guda ɗaya tak za ta zo ta ɗauke naman yana kallo ya tashi ya tafi. Ba ragwanta ba ce, ƙafar nan ita ce jarinshi duka, cizo ɗaya a cinya ya raba shi da abinci har abada. A filayen Serengeti an gano mafi yawan 'ya'yanshi ba sa kai girma, kuma zakuna ne kan gaba wajen kashe su.

Damisa ita ta samo wa kanta mafita, ita kaɗai take yawo, ta matso har 'yan taku kaɗan kafin ta dira, sannan ta ja naman ta hau bishiya da shi ko da ya kai nauyinta ta rataye a reshe inda kura ba ta isa. Karnukan daji kuwa sun fi kowa a cikin manyan nan yawan samun nasara, sau da yawa fiye da rabin fitarsu suna kamawa, su ci da sauri su koma rami su amayo wa 'ya'ya da wanda ya tsaya gadi. Kada shi haƙuri ne makaminshi, ido da hanci kawai a saman ruwa, ya cafke ya ja cikin ruwa ya nutsar, ya dinga mirginawa har naman ya yage, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba.

Sai faɗa tsakaninsu, wanda nan ne aka fi yi musu gurguwar fahimta. Mafi yawan rigima ana kashe ta tun kafin a haɗu. Rurin zaki ana jin shi daga nisan kilomita 8, fitsarin da yake fesawa a jikin itace da kartar ƙasa da ƙafar baya duk sanarwa ce cewa wurin nan da mai shi. Akwai gwajin da Karen McComb da abokanta suka yi a Serengeti aka wallafa a 1994, wallahi duk lokacin da na tuna shi sai na jinjina. Sun ɓoye lasifika a daji suna kunna rurin baƙuwar zakanya ɗaya, wani lokaci kuma na guda uku tare. In masu wurin sun ji sun fi baƙin yawa sai su miƙe su nufi inda sautin yake, in kuwa yawan bai ishe su ba sai su yi ta jinkiri suna kallon juna ko su ƙi zuwa. Wato ƙirga abokan gaba suke da kunne kafin su taka. Geza ma saƙo ce, Peyton West da Craig Packer sun ajiye zakunan bogi masu geza kala-kala a daji, sakamakon ya fito a 2002, mata suka fi zuwa wajen mai baƙar geza, maza kuma suka fi shakkar tunkarar shi.

In dai har sanarwar ba ta yi aiki ba, to faɗan babu kyan gani. Samarin zakuna ana korarsu daga dangi suna da shekara biyu zuwa uku, sai 'yan'uwa su haɗa kai su biyu ko uku ko fiye suna gararamba har su yi ƙarfi, sannan su far wa mazan da ke riƙe da wani dangin. In sun rutsa da guda ɗaya, wani zai tsare shi ta gaba sauran su zagaya suna cizon ƙashin baya da cinyoyi, shi ya sa za ka ga wanda aka rutsa ya zauna a kan gindinshi yana juyi. Wanda ya ci nasara mulkinshi ba ya daɗewa, yawanci shekara biyu zuwa huɗu ne wasu su zo su tumɓuke shi, kuma wannan ƙarancin lokacin ne ke jawo abu mafi ciwo, sababbin mazan kan kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar. Dalili kuwa zakanya mai goyo ba ta karɓar namiji sai 'ya'yanta sun kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, amma in ta rasa su cikin ɗan lokaci kaɗan take dawowa. Iyayen ba sa zuba ido fa, sukan haɗu su yi faɗa har a ji musu ciwo, wata ma ta kwashi 'ya'yanta ta bar dangin. Kuma ba zaki kaɗai ba, a gandun Yellowstone na Amurka inda aka mai da kyarketai a 1995, babban abin da ke kashe manyan kyarketai a cikin gandun shi ne wasu kyarketan a rikicin iyaka.

Saboda haka ɗan'uwa in ka koma kan bidiyon nan ka tsayar da shi ka ƙirga kurayen, ina kyautata zaton za ka samu takwas ko fiye, ka duba ko akwai mai geza a kusa, sannan ka kalli cikin zakunan. Sau da yawa za ka ga ya riga ya yi tim, sun cinye kayan ciki da cinyoyi, abin da suka tashi suka bari ƙashi ne da fata da kai.