Ƙululu a nono, ko kansa ce?

'Yar uwa kin ce kin ji ƙululu a nononki kuma ba ya ciwo. Gaskiya yawancinsu ba kansa ba ne, amma rashin ciwon nan kar ya ruɗe ki, sankarar mama sau da yawa shiru take farawa. Ki je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo likita ya duba har hammata, in ba ki kai shekara 40 ba yawanci sikanin za su miki, in kin wuce sai mamogiram, wato hoton X-ray na nono, amma tabbaci sai an tsakuro ɗan nama da allura an kai lab. Don Allah kar ki bari wanzami ya tsaga wajen. In kan nonon ya shige ciki ko yana fitar da jini ki faɗa wa likitan.