Linzamin kwamfuta da ake juyawa da kai: a saya ko a dakata?

Tambaya: Ƙanena ya samu rauni a laka, hannayensa ba sa motsi, amma wuyansa lafiya lau. An ce mu saya masa linzamin kwamfuta mai aiki da hasken infirared. Yaya yake aiki?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Tunda wuya na juyawa, wannan na'ura za ta yi masa amfani sosai.

'Yar ƙaramar kyamara ce ake ɗorawa a saman allon kwamfuta, tana fitar da haske irin na rimot ɗin talabijin. Irin hasken da idon mutum ke iya gani yana da iyaka, infirared kuwa ya zarce wannan iyaka, shi ya sa ba a ganinsa. Sai a manna masa ɗan ɗigo a goshi, ko jikin tabarau, ko bakin hula. Ɗigon irin abin nan ne na rigar ma'aikatan hanya da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haske shi: daga inda haske ya zo, can yake mayar da shi. Kyamarar tana tace sauran haske, don haka a wurinta ɗakin duhu ne, ɗigon kaɗai ke walƙiya. Sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya tana duba inda ya koma. Ya ɗan karkata kai dama, kibiyar da ke kan allon kwamfuta ta bi shi dama.

Latsawa fa? Ko ya tsayar da kibiyar a kan abu kamar daƙiƙa guda manhaja ta latsa masa, ko a haɗa maɓallin da ake hurawa da baki.

Babbar matsalarta rana ce, domin cike take da infirared. Kada taga ta kasance a bayansa.

A cikin irin waɗannan na'urori, HeadMouse Nano da TrackerPro sanannu ne, amma suna da tsada. Ni dai ina roƙonki kada ku yi gaggawa. Ku fara gwada manhajar Camera Mouse, kyauta ce, da kyamarar kwamfuta take aiki. Daidaitonta bai kai nasu ba, amma za ta nuna muku ko wuyansa na gajiya bayan rabin awa. Ku kuma tuntuɓi likitan gashin ƙashi da ke duba shi.

Tambaya: Mahaifina ko kansa ba ya iya juyawa sosai. Zai yi masa?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, wahalar da Baba kawai za a yi. Ku nemi mai bin motsin ido, irin na kamfanin Tobii. Shi ma infirared ne, sai dai ƙyallin da ke kan ƙwayar ido yake bi, ba ya bukatar ɗigo.