Hajijiya in an juya a kan gado: amsar likita

Tambaya: Salam likita, ni dai in na juya ɓangaren dama a gado ko na ɗago daga sujada sai in ga ɗaki na juyawa da ni, amma ba ya kai minti ɗaya yake tsayawa. An auna jinina lafiya lau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ya fi kama da matsalar cikin kunne. Can ciki akwai wasu mitsi-mitsin duwatsu na kalsiyam, in suka zame daga mazauninsu suka faɗa ɗaya daga cikin ƴan bututun nan uku masu ruwa da ke shaida wa ƙwaƙwalwa motsin kai, toh kina juyawa sai su gangara su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka katantanwa kike alhali kina kwance. A asibiti za mu zaunar da ke, mu karkata kanki digiri 45, mu kwantar da ke da sauri kan ya ɗan reto a bakin gado, mu tsura wa idonki ido. In ƙwayar idon ta fara rawa bayan ƴan daƙiƙu, an kama ɓarawo. Gwajin Dix-Hallpike kenan, tun 1952 ake yinsa.

Tambaya: Likita ni ma irin wannan jirin nake fama da shi, wata biyu ina shan ƙwayar jiri ta Stugeron, abin bai tafi ba.

Amsa: Malam ai ƙwaya ba ta mayar da dutse gidansa, jin jirin da tashin zuciya kawai take ragewa. Abin da ke aiki shi ne juyin Epley, sunan wani likitan kunne ne ɗan Amurka. Daga kwanciyar gwajin nan a dakata kamar daƙiƙa 30, a juya kai digiri 90 zuwa ɗaya ɓangaren, a sake jira, ka mirgina kan kafaɗa fuska na kallon ƙasa, sannan a tashe ka zaune. Da yawa sau ɗaya ko biyu suke warwarewa, duk da yakan dawo wa wasu. Kar ka kwaikwaya daga waya kafin a gano wane kunne ne, balle in kana da ciwon wuya.

Tambaya: Babanmu tun safe jiri bai sake shi ba, maganarsa ma ta sarƙe. Mu gwada masa juyin?

Amsa: A'a wallahi. Jirin da ba ya tsayawa, ga sarƙewar harshe, ko ganin abu bibbiyu, ko hannu ya saki, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ku ɗauke shi zuwa asibiti yanzu yanzu, kar ku jira gobe.